Tambayi Bakanike: Cikin Motata Yana Dukan Ƙasa, Ta Ina Zan Fara Ɗaga Ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Bakanike. Ni manomi ne a yankin Guri ta Jihar Jigawa. Ina da Hilux ƙirar 2010 mai ƙofa huɗu, mai shan gas, mai jan ƙafa huɗu, kuma tayoyinta 205R16 ne irin waɗanda ta zo da su. Da ita nake kai taki gona, da ita nake kwaso shinkafa daga fadama. Da zarar ruwa ya zauna, sai taraktoci da tifofi su haƙe hanyar, su bar kwari biyu da tudu a tsakiya. Motar sai ta hau tudun nan ta zauna a kan cikinta, tayoyi suna ta juyawa a banza. Wani bakanike ya ce in kawo ya sa mata bulon ƙarfe mai kaurin inci 4 tsakanin sifirin da aksul, wani kuma ya ce a ƙara mata fallen sifirin. Wanne zan bi?
Daga wani manomi a Guri.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Kafin ka fitar da ko kwabo akwai aikin da za ka yi da kanka, kuma ba ya buƙatar komai sai tef ɗin awo da tocila. Ka ɗora wa motar irin lodin da ka saba ɗora mata, ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyi, sannan ka shimfiɗa buhu ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta. Duk inda yake dukan ƙasa za ka gan shi, domin ƙarfen wurin zai goge yana ƙyalli, ko ya lotsa, ko laka ta cushe shi. Ka auna daga ƙasa zuwa ƙarfen da ke ƙarƙashin inji, da wanda ya tallafe giyabos, da tankin mai, da salansa, sannan da ƙullin nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksul ɗin baya, inda farfela take shiga. Ka rubuta duk abin da ka samu.

Na tabbata za ka tarar tulun aksul ɗin nan yana cikin waɗanda suka fi kusa da ƙasa, kuma a irin hanyar da ka kwatanta shi ne yake fara noman tudun tsakiya. To ga abin da masu ba ka shawara ba su gaya maka ba. Aksul ɗin baya na Hilux sanda guda ce daga taya zuwa taya, kuma a kan tayoyin take zaune. Sifirin yana samanta ne, yana ɗauke da shasi da bodi. Idan ka sa bulo, ko ka ƙara falle, ko ka canza sifirin gaba ɗaya, shasi da bodi ne za su tashi, amma tulun aksul yana nan daidai inda yake, bai ƙaru da ko milimita ɗaya ba. Motar za ta yi tsayi a ido, kowa ya ce an ɗaga ta, ka koma hanyar fadama ta sake zama a wurin da ta saba zama. Abu ɗaya ne kawai yake nesanta aksul da ƙasa, shi ne tsayin taya.

Saboda haka bari mu zauna a kan taya, domin a nan kuɗinka zai fi yin aiki. Lambobin da ke jikin taya lissafi ne. Ɗauki 235/85R16: 235 faɗin tayar ne da milimita, 85 tsayin gefenta ne, wato kashi 85 cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman wili ne da inci. Gefe ɗaya ya kama kusan milimita 200, gefe biyu 400, ka haɗa da wilin da yake milimita 406, tsayin tayar gaba ɗaya ya tashi 806. Taka ta yanzu, 205R16, tsayinta kusan milimita 734 ne. Bambancin 72 ke nan, amma rabinsa ne naka, domin aksul a tsakiyar taya yake: za ka samu ƙarin milimita 36, wato kusan inci ɗaya da rabi. Kada ka raina wannan. Yawancin motocin da suke zama a kan tudun hanya da ɗan abin da bai kai haka ba suke zama. Akwai kuma 245/75R16, mai tsayin milimita 774, wadda za ta ba ka ƙarin 20 kawai, da 265/75R16 mai tsayin 804, wadda tsayinta kusan ɗaya ne da 235/85R16 sai dai ta fi ta faɗi.

Ni a wurina, ga mai shiga taɓon fadama, 235/85R16 ce zaɓi. Doguwa ce siririya, tana yanka laka ta sauka ta taka ƙasa mai ƙarfi, tana shiga kwarin hanya ba tare da gefenta yana gogar bango ba, kuma tana hawa wili mai faɗin inci 6 zuwa 7, don haka mai yiwuwa ba sai ka sayi sabon wili ba. Ita 265 ɗin sai wili mai faɗin inci 7 ko fiye, ga nauyi, ga shan mai, ga gogar bodi idan ka karya sitiyari. Samari suna son ta saboda kyau, amma kai ba kyau ka fito nema ba. Ka nemi mai alamar LT a jikinta, wadda aka yi don ɗaukar kaya, mai zane mai zurfi. In za ka saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko wata kasuwa, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye, ko zanenta bai ci ba, robar ta bushe.

Sai dai doguwar taya tana da nata kuɗin fito, kuma gara ka san shi tun yanzu. Daga 734 zuwa 806 ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari ne. Ma'anarsa, idan allon gudu ya nuna maka 100, kana kusa da 110 ne a zahiri, ka riƙe wannan a hanyar Hadeja zuwa Kano. Ƙarfin jan motar zai ragu da kusan wannan kason, za ka ji ta ɗan yi nauyin tashi da lodi, kuloci zai ƙara wahala, birki ma zai buƙaci ƙarin tazara. Idan injinka ya riga ya fara gajiya, ka tsaya a 245/75R16, ko da za ta sa ka canza wili. Kuma duk wadda ka zaɓa, biyar za ka saya, har da safaya. Motar da take jan ƙafa huɗu ba a haɗa mata tayoyi masu bambancin tsayi, domin da ka sa giyar ƙafa huɗu gaba da baya za su riƙa jayayya da juna, ƙarshenta haƙoran giya su biya. Bayan an ɗaura, ka sa a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau da taya ɗaya kan tudu, a duba ko tana taɓa robar laka ko gindin bodi. Sau da yawa cire robar ko ɗan datse ta ya wadatar. Ka kuma gwada ko safayar tana shiga mazauninta a ƙarƙashin akori.

Yanzu sifirin. Mota ta 2010 da ta yi shekaru tana dakon taki da shinkafa, da wuya a ce sifirin ɗinta bai kwanta ba. Ka dube shi ba lodi: lafiyayyen sifirin yana da lanƙwasa, gajiyayye kuwa ya miƙe sambal, wani ma ya fara juyawa ta ɗaya gefen. Ka duba robar da take tare aksul kada ya daki shasi, in ka ga wurin ya goge, to motar ta daɗe tana zama a kanta. Mutane da yawa da suke zuwa garejinmu neman a ɗaga musu mota, abin da suke buƙata kawai a mayar da ita tsayin da aka ƙera ta da shi. Sabon sifirin na baya da sabon na gaba da shokazoba masu rai sukan dawo da inci ɗaya ko fiye da ya ɓace, kuma wannan zai ɗaga maka tanki da giyabos da salansa.

Shawarar ƙara falle ba ta da laifi, in an yi ta daidai: falle ɗaya kowane gefe, iri ɗaya, da sabon noti na tsakiya mai tsayin da ya dace, da sababbin ƙarafan nan masu siffar U da suke ɗaure sifirin da aksul. Tsofaffin sun riga sun miƙe, ba a mayar da su. Motar za ta ɗan yi tsalle idan ba kaya, wannan ba makawa. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne a kai sifirin maƙera a gasa shi da wuta a lanƙwasa. Ƙarfen sifirin da zafi aka horar da shi tun a masana'anta, wuta ta biyu kashe shi take yi, zai yi kyau makonni kaɗan sannan ya sake kwanciya ko ya karye maka a tsakiyar daji. Ka kuma sani ƙarin falle bai ƙara wa aksul da birki da shasi ƙarfin ɗaukar kaya ba. Hilux irin taka abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun taki kilo 50 ne, ashirin sun cika tan, tun kafin kai da yaranka ku shiga. Sawu biyu ya fi maka arha a kan sabon aksul.

Bulon inci 4 kuwa, a'a. Ba zai ɗaga tulun aksul ba kamar yadda na faɗa, sannan zai nesanta aksul da sifirin, ta yadda duk lokacin da ka taka totur ko birki aksul ɗin zai riƙa murɗa sifirin. Farfela za ta karkace ta fara kaɗawa, tiyon birki zai ɗame. Akwai kuma abin da ba a cika kula da shi ba. Hilux da yawa marasa birkin ABS suna da wani bawul a baya, da sanda da ta haɗa shi da aksul, aikinsa auna nauyin lodi ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. Idan aka ɗaga bayan mota ba a gyara zaman sandar nan ba, bawul ɗin zai ɗauka motar ba kaya, ya rage birkin baya alhali tana cike da buhuna. Ko da inci 2 aka ɗaga, ka tsaya a kan bakanikenka sai ya daidaita shi.

Gaban motar labarinsa daban. Tun daga ƙirar 2005 Hilux mai jan ƙafa huɗu take zuwa da sifirin mai naɗi a gaba, kowace taya da nata hannuwa, tulun gaba kuma a jikin shasi aka ɗaure shi. Don haka a gaba ɗagawa tana da amfani na gaske, domin tana tashi da tulun da ƙarfen ƙarƙashin inji gaba ɗaya. Amma iyakarta inci 2, wato milimita 50. In aka wuce haka, shaf ɗin da suke kai ƙarfi ga tayoyin gaba za su yi aiki a karkace, robobinsu su yage, giris ya zube, yashi ya shiga, boljoyin na sama kuma ya kai maƙura. In zobe za a sa a saman shokazoba, ka tuna cewa kaurinsa kusan ninkawa yake yi a wurin taya: zobe mai milimita 25 yana iya ɗaga gaban da 40 zuwa 50. Na fi son a sa sifirin da shokazoba da aka yi su tare don wannan tsayin, ko da sun fi tsada. Bayan an gama a je alaimen, a kuma sauke fitilun gaba don kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido. Ɗaga bodi daga kan shasi da robobi kuwa ba ya ƙara wa ƙarƙashin mota komai, wuri kawai yake buɗa wa taya, kuma kai ba ka buƙatarsa.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan inci 2 ɗin nan ba lalacewar kaya kaɗai ba ne. Duk abin da aka ƙara wa mota na tsayi, nauyinta ya ƙara hawa sama, kuma motar da nauyinta yake sama ita ce take kifewa a kwana ko a gefen gangare. Motocinmu na karkara ba kaya kaɗai suke ɗauka ba, ranar kasuwa akwai mutane zaune a kan buhuna, wasu da goyo. Wannan ne yake tsaya mini a rai duk lokacin da aka kawo mini mota a ce in ɗaga ta sama sosai.

Akwai gyaran da kusan kyauta ne. Matakalar gefe da aka ƙawata motar da ita, cire ta ka ajiye har rani. Ƙarfen jan tirela da ke leƙowa ƙarƙashin bamba, in ba ka amfani da shi, shi ma haka. Salansar da mai walda ya rataye ƙasa da inda take, a mayar da ita sama. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mita 3 ne da 'yan kai, don haka duk abin da yake reto a tsakiyar nan shi zai fara kama tudu. Sannan ka sa a yi maka farantin kariya na ƙarfe mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin inji da giyabos, a ɗaure shi da noti a jikin shasi, kada a yi masa walda, a bar ƙofar juye baƙin mai. Zai ci maka 'yan milimita, amma zai sa motar ta zame a kan tudu maimakon kaskon baƙin mai ya fashe. Da kaka kuma ka riƙa leƙawa kana zare busasshiyar ciyawa da take taruwa tsakanin farantin da salansa, domin gobarar mota a gona daga nan take tashi.

Saura tuƙi. In kwarin ya yi zurfi, kada ka zuba tayoyi biyu a ciki. Ka ɗora ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗaya a kafaɗar hanya, ka tafi a hankali da ƙaramar giya. Rami ko kwalbati a karkace ake tsallaka shi, taya ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ta zauna, ɗauke ƙafarka daga totur nan take, domin kowane juyi ƙara binne ta yake yi. Ka sa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak, ka ɗaga, ka cika ƙarƙashin tayoyi da itace ko duwatsu, ka rage tudun da shebur daga gefe. Kada kai ko yaronka ku shiga ƙarƙashin motar tana kan jak, musamman a laka.

TAMBAYA: Ni direba ne, ina jan Land Cruiser akori-kura tsakanin Agadas da Dirku. Na ga hoton wata mota da aka canza mata aksul ta yi tsayi ƙwarai. Zai taimake ni a rairayi?
Daga wani direba a Agadas.

AMSA: Sannu da hanya ɗan'uwa, Allah ya tsare. Abin da ka gani aksul ne mai ƙarin giya a gindin kowace taya, wanda yake sa sandar aksul ta zauna sama da tsakiyar taya. Da irinsa ake ƙera Unimog ta kamfanin Mercedes, kuma shi ne hanya ɗaya bayan taya da take ɗaga tulun aksul da gaske. Amma tsadarsa ta wuce misali, kuma in ya lalace a hamadar Tenere ba mai kayan gyaransa. Ka bar shi. Motarka, jerin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, aksul ɗinta na gaba da na baya kowanne sanda guda ce, sifirin ɗinta na baya kuma a ƙarƙashin aksul yake, don haka farantin da ya ɗaure shi ne yake yawan jan ƙasa. Ka duba ko notunansa sun leƙo da yawa, a datse rarar. A rairayi kuwa matsalarka nutsewa ce, maganinta kuma iska. In ka rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iska, ko ƙasa kaɗan in motar ba ta da nauyi, tayar za ta shimfiɗu ta hau kan yashi. Gaskiya ne motar ta ɗan sauka, amma ta daina haƙa. Da lodi mai nauyi kada ka rage ta baya da yawa, kada ka yi gudu, kada ka karya sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga wili, kuma da ka fito kan duwatsu ka mayar da iskar. Famfon iska mai kyau ya fi maka kowane irin ɗagawa. Jarkokin ruwa da na mai kuma a ƙasan akori ake jera su, kaya marasa nauyi a sama.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce, an mayar da ni wani ƙauye a kudancin Kaduna. RAV4 gare ni mai taya 215/70R16, kuma duwatsun hanya suna dukan ƙasanta. Za a iya ɗaga ta kamar Hilux?
Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kafanchan.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. RAV4 ba ta da shasi daban, bodin ne ƙashin bayanta, kuma shaf ɗinta gajeru ne, don haka ba ta jure abin da Hilux take jurewa. Ki fara da canza sifirin da shokazoba in sun gaji. Bayan haka za a iya sa mata zobe da zai ɗaga ta milimita 20 zuwa 30, kada a wuce. Taya kuma 225/70R16 za ta ƙara miki milimita 7, amma a auna tukuna, domin mazaunin sifirin na gaba dab yake da saman taya. Abin da ya fi gaggawa a wurinki shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, tunda na roba ne ta zo da shi, kuma mai yiwuwa ya daɗe da yagewa. In kin ji dutse ya daki ƙasan motar da ƙarfi, ki tsaya ki leƙa ko mai yana ɗiga. In fitilar baƙin mai ta kama ja, ki kashe injin a wurin, ki kira a zo a ja ta.